'Yata na aji 11 a Bronx, takardunmu ba su fito ba: ta yi SAT ko in maida ta gida?

Wani ɗan'uwa daga Bronx a birnin New York ya turo min wannan saƙon a kan 'yarsa da SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, na ɗan taƙaita shi: "Salamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne, shekarata 9 a nan, kes ɗina na neman mafaka har yau yana kotu. Babbar 'yata mun zo da ita tana shekara 7, yanzu tana aji 11 kuma Allah ya ba ta kai. Wani mai lesin ya ce in biya shi ya shirya ta SAT, kuɗin ya fi ƙarfina. Yayana a Kano kuma ya matsa min in maido ta ta yi JAMB, a yi mata aure ta ƙarasa karatun a ɗakinta, wai tunda ba takarda gare ta ba. Na rasa inda zan sa kaina."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya mana ita. Zan fara da maganar Yaya don ita ce mai haɗari, SAT ɗin ma mai sauƙi ne.

Kar ka sai tikiti, kar kuma a ɗaura aure, sai ka zauna da lauyanka. In sunanta na cikin kes ɗinka to a matsayin 'yarka mara aure take ciki, ranar da aka shafa fatiha ta fita daga ƙarƙashinka, ko da daga baya alƙali ya ba ka mafakar ba za ta shafe ta ba. Haka in ta bar Amurka kes na kotu, balle a ce ƙasar da kuka ce kun guje wa ta koma, ana iya ɗauka ta yi watsi da nata neman, kai ma kuma za a yi maka tambayoyin da ba za ka ji daɗinsu ba. Na san Yaya da kyakkyawar niyya yake faɗa, tsoron tarbiyya yake, duk mai 'ya mace a ƙasar nan da wannan tsoron yake kwana, amma shi bai san dokar ba kai ne za ka yi masa bayani cikin ladabi. Sannan JAMB ɗin ma ba wai ta sauka jirgi ta shiga ba ne, sai ta yi NIN, sai ta zauna darussa 4 a kan manhajar da ba ta taɓa karantawa ba, ga WAEC ko NECO da ake neman kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. Yarinyar da saura shekara ɗaya da 'yan watanni ta gama sakandare a nan, ka ga ai baya za a maida ta.

Yanzu SAT. Wallahi kar ka ci bashi saboda lesin. Tun 2024 jarrabawar ta koma kan kwamfuta, awa 2 da minti 14 ce, kashi biyu, karatu da rubutu tambaya 54 sai lissafi tambaya 44, makin daga 400 zuwa 1600. Kowane kashi an raba shi biyu, kuma yadda ta yi a rabin farko shi ke sa a ba ta masu wuya ko masu sauƙi a rabi na biyu, masu wuyan su ke kai mutum ga babban maki, don haka ka gaya mata kar ta yi gaggawa a farkon. Ba a cire maki in an yi kuskure, kar ta bar ko tambaya ɗaya ba amsa. Masu jarrabawar, College Board, suna da manhaja mai suna Bluebook, a cikinta za ta yi ta gaskiyar kuma a cikinta akwai cikakkun na gwaji kyauta, ga shafin intanet na Khan Academy shi ma kyauta yana koyar da duk inda ta gaza. Ɗan ƙanwata haka muka yi da shi, duk Asabar bayan asuba ya zauna a teburin kicin da laftop, uwar ta karɓe wayarsa ta saka a aljihun hijabi, ƙannensa a tura su ɗaki, ya yi gwaji ɗaya daga farko har ƙarshe ba tashi sai hutun minti 10 da ke tsakiya, da yamma kuma ya bi duk wadda ya faɗi ya rubuta dalilin faɗuwar a wani ɗan littafi. Littafin nan shi ya ɗaga shi, don a sati na uku ya gano kusan irin tambaya ɗaya ce ke ta kada shi.

Makarantun gwamnati na New York suna yi wa 'yan aji 11 SAT kyauta a ranar makaranta wajen bazara, ta fara da wannan, in makin bai yi mata ba ta sake a Agusta ko Oktoba. Masu ƙaramin ƙarfi ana yafe musu kuɗin zama biyu, har da kuɗin cike fom na jami'o'i da yawa, amma sai an tambaya.

Kuma ka sani SAT ba ita kaɗai ba ce. Jami'o'in SUNY, wato na gwamnatin jihar New York, ba sa tilasta ta, amma jami'ar MIT ta dawo da tilasta ta a 2022, Harvard da Yale da Dartmouth da Brown suka bi a 2024, shi ya sa nake cewa ta yi ɗin, in makin ya yi kyau ta tura in bai yi ba ta riƙe abinta inda ba dole. Abin da ya fi nauyi shi ne sakamakonta na aji 9 zuwa yanzu, musamman na bana, da wasiƙun malamanta, da insha'in da za ta rubuta a Common App, fom ɗin neman gurbi da jami'o'i da yawa ke karɓa, wanda ake buɗewa 1 ga Agusta, kalma 650 ce iyakarsa. Yaranmu suna jin kunyar rayuwarsu su ɗauko labarin da ba nasu ba, alhali yarinyar da tun tana shekara 10 take yi wa mahaifiyarta tafinta a asibiti, take duba wa babanta wasiƙun kotu, take kai ƙanne islamiyya, tana da abin faɗa fiye da yadda take zato. Ku bar ta ta rubuta da bakinta.

To sai batun kuɗi, nan ne takarda ke shigowa kuma nan nake so ka natsu. Gaskiya ne wanda kes ɗinsa ke jira ba ya samun tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake nema da fom ɗin FAFSA, sai an ba da mafakar ko girin kad. Amma jihar New York daban ce, yaron da ya yi shekara 2 a sakandaren jihar ya gama yana biyan kuɗin 'yan jiha a CUNY, wato jami'o'in gwamnati na birnin New York, da SUNY ko takardunsa ba su cika ba, kuma tun 2019 dokar DREAM ta jihar ta buɗe wa irinsu ƙofar TAP, tallafin kuɗin makaranta na jihar. Wasu manyan jami'o'i masu zaman kansu ma daga aljihunsu suke bayarwa, fom ɗinsu CSS Profile ne. Duk masu ba da tallafin nan abu ɗaya za su tambaye ka, takardun haraji, kuma na shekara 2 baya suke dubawa. Mu direbobi da masu shago a nan muke cutar da yaranmu ba mu sani ba, mutum ya ƙi cike haraji ko ya bar wani ya rubuta masa abin da ba shi ba, ranar da yarinya ke buƙatar takardar a rasa ta. In akwai shekarar da ka tsallake ka gyara yanzu, kes ɗinka ma zai amfana. Ƙannenta da aka haifa a nan su 'yan ƙasa ne, in lokacinsu ya zo FAFSA haƙƙinsu ne ko naka takardun sun fito ko ba su fito ba.

Sai roƙona na ƙarshe, ka zaunar da ita ka gaya mata ainihin matsayin takardunta. Na ga yarinyar da sai da ta zo cike fom ta ji, ta yi sati ba ta cin abinci. A satin nan ka ajiye motar na awa 2 ku je makarantarta tare wajen malamin da ke ba ɗalibai shawarar jami'a, ka tafi da takardar izinin aikinka da harajin bara, in Turancin zai ba ka wahala ka nemi tafinta, makarantar za ta samo maka. Ku tambaye shi yafiyar kuɗin SAT da fom ɗin DREAM, ku fito da sunayen jami'o'i kamar 8, har da na CUNY da za ta riƙa zuwa daga gida a jirgin ƙasa ta dawo ta kwana ɗakin uwarta. Wannan na ƙarshen shi za ka fara gaya wa Yaya in kun yi waya.