Wa zai biya kuɗin gidan kula da tsofaffi a Amurka?

'Yar'uwa, kin ce mahaifiyarku tana Amurka, ba ta iya wanka ko sa kaya da kanta, kina tambaya ko gwamnati za ta biya mata gidan kula da tsofaffi. Allah Ya ba ta lafiya.

Kada ki dogara da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi. Iyakarsa kwana 100 na jinya, shi ma sai an kwantar da ita a asibiti kwana 3 tukuna. Medicaid, shirin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, shi ne ke ɗaukar zaman dindindin, kuma kowace jiha da dokarta.

A yawancin jihohi, kafin ta samu Medicaid, dukiyarta da ake lissafawa kada ta haura dala 2,000. Galibi ba a sa gidan da take ciki da mota ɗaya. Masu kula da Medicaid za su turo ma'aikaci ya duba ko da gaske tana buƙatar wannan kulawar. Idan katin zama na dindindin gare ta, yawanci sai ta cika shekara 5 da shi.

Inda mutanenmu ke yawan faɗawa rami shi ne binciken watanni 60 na baya. Za a bi takardun bankinta wata-wata. Kuɗin da ta tura Kano na bikin jika ko na ginin ɗan'uwa, kyauta ce a wurinsu. Sai su raba jimillar da matsakaicin kuɗin wata ɗaya na gidan jinya a jihar, abin da ya fito shi ne watannin da ba za su biya ko sisi ba. Don Allah kada ki mayar da dukiyarta sunanki kafin ki ga lauyan harkokin tsofaffi.

Bayan rasuwa kuma, jiha na iya neman kuɗin da ta kashe mata daga gado, har da gidan.