Zan tafi karatu Cape Town, yaya batun tsaro yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Cape Town da ke Afirka ta Kudu. Tun da mahaifiyata ta ji cewa birnin yana cikin waɗanda aka fi kisan kai a duniya hankalinta ya ƙi kwanciya, ni ma abin ya fara shiga raina. Amma wani abokina da ya taɓa zuwa ya ce lafiya lau, bakin teku cike yake da masu yawon buɗe ido. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a karatun. Abin da Mama ta ji gaskiya ne, kada ka yi mata musu. A shekarar lissafi ta 2022/23 'yan sandan Afirka ta Kudu sun rubuta kisan kai sama da 27,000, wato kimanin 45 cikin kowane mutum 100,000, alhali a duniya baki ɗaya adadin yana wajen 6 ne. Na Cape Town kuma ya ɗara na ƙasar.

Sai dai wannan adadi an raba shi ne a kan mutum sama da miliyan 4 da rabi, kamar a haɗa mai shanu ɗari da marar ko akuya a ce kowannensu yana da hamsin. 'Yan sandan ƙasar suna fitar da alƙaluma duk wata uku, caji ofis bayan caji ofis, kuma unguwannin Cape Town da ke saman jerin kisan kai ba sa cika canzawa: Nyanga, Delft, Mfuleni, Philippi ta Gabas, Gugulethu, da Harare ta Khayelitsha. Dukkansu suna cikin shimfiɗaɗɗen filin rairayi da ake kira Cape Flats. Can ne gwamnatin wariyar launin fata ta kora waɗanda ba Turawa ba da dokar raba unguwanni ta 1950. A 1966 aka ce unguwar District Six ta farar fata ce, aka tashi mutum sama da 60,000 daga gindin birni. An raba dangi da maƙwabta, an jibge su nesa da wurin aiki, ƙungiyoyin 'yan daba suka cike giɓin. Yawancin jinin da ake zubarwa yau a kan cinikin ƙwaya ne, da rikicin hanyar motocin haya, da karɓar kuɗin dole a hannun 'yan kasuwa, da faɗan mashaya a ƙarshen mako. Abin ya kai ga tura sojoji a watan Yulin 2019.

Ba na son ka karanta wannan ka ɗauka mazauna waɗannan unguwanni mugaye ne. Su ne ake kashewa, su ne 'ya'yansu ke kwanciya a ƙasa idan harbi ya tashi. Baƙin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu kuma su ne masu ƙananan shaguna a can, musamman 'yan Somaliya.

Kai ɗalibi, mai yiwuwa a unguwannin da ke kusa da jami'ar, wato Rondebosch ko Mowbray ko Observatory, za ka zauna, abin da ke gabanka daban ne: ƙwacen waya da kwamfuta a titi, fasa ɗaki, fasa mota. A nan kuma alƙaluma kan ruɗi mutum. Ofishin 'yan sandan tsakiyar birni yakan zo a sahun gaba wajen yawan rahoton sata, amma mazauna wurin kaɗan ne, dubban ma'aikata da baƙi ne ke shiga kullum su fita. Idan aka raba satar a kan masu kwana a wurin kaɗai, sai haɗarin ya kumbura fiye da gaskiyarsa. Ta ɗaya ɓangaren, wanda aka fizge wa waya sau da yawa ba ya zuwa ofis, sai mai inshora da ke buƙatar lambar ƙara. Don haka lissafin kisa shi ne abin dogaro, tunda gawa ba ta ɓoyuwa, na sata kuwa ka ɗauka kullum ya gaza abin da ke faruwa.

Ranar saukarka ce na fi so ka kula. Filin jirgin yana maƙwabtaka da Nyanga da Gugulethu, babbar hanyar N2 ita ke kai mutum gari. A watan Agustan 2023, lokacin yajin aikin motocin haya, an harbe wani likita ɗan Birtaniya da ya kauce hanya ya faɗa Nyanga, daga baya taswirar Google ta daina bi da masu mota ta can. Ka shirya wanda zai ɗauke ka tun kafin ka taso, kada ka bi wanda ya tare ka a ƙofa yana tallar mota. A cikin mota jaka ta zauna a ƙasa ko a but, domin fasa gilashi a fizge a wurin danja sananne ne.

Akwai wata damfara a tsakiyar gari: mutum sanye da kaya kamar na jami'i zai ce sai ka yanki takardar izinin bin titin, ya ja ka wurin na'urar cirar kuɗi. Babu wannan izini a dokar birnin, katinka da lambar sirrinka yake nema. Da dare kada ka taka da ƙafa kai kaɗai ko da tafiyar minti goma ce; jami'ar tana da motocin ɗalibai kyauta, ka riƙe jadawalinsu. Dutsen Tebur da Lion's Head a hau su cikin jama'a, da rana, don an sha tare masu tafiya su kaɗai. Idan Allah ya ƙaddara aka nuna maka wuƙa ko bindiga, miƙa abin da aka nema ba gardama. Ka riga ka adana aikin bincikenka a intanet, yadda rashin kwamfutar ba zai sa ka yi taurin kai ba. Lambar 'yan sanda 10111, daga wayar hannu kuma 112 tana shiga.

Tekun ma ka ba shi girmansa. Ruwan ɓangaren Atilantika sanyi ne da shi ƙwarai, kuma akwai igiyar da ke jan mutum ciki, duk shekara tana cin rayuka. Ka shiga inda masu ceto suke, tsakanin tutocinsu kawai.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki, nemi sunan caji ofis ɗin unguwar, ka duba alƙalumansa na baya-bayan nan a shafin 'yan sandan ƙasar, sannan ka tambayi ɗaliban da ke zaune a layin ko suna dawowa da ƙafa bayan isha'i. Wannan takardar ta unguwarka ita za ka nuna wa Mama, tare da lambar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar.