Amsa ga 'yar uwar da ta gaji da taron masu lambu

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata da kika yi tambaya jiya da daddare, wallahi ina karantawa na ji kamar ni na rubuta. Kin ce wata 3 ke nan kina zuwa taronmu na ƙarshen wata, kina kashe kuɗin Keke Napep tun daga Ɗan Magaji, malami ya yi ta zuba Turanci, ki dawo gida tumatirinki yana mutuwa yadda ya saba, to ki ci gaba ne ko ki haƙura? Kar ki haƙura. Ni ma sau 2 ina rantsewa ba zan sake taka wurin ba.

Abin da ya jefa ni lambu tun farko, shekarar 2016 ce, lokacin da tsutsar sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. Kowa a nan ya tuna. Mun koma miyar kuka da ta kuɓewa busasshiya, mai tumatirin gwangwani ya zama sarki. Na ce da maigida ai ga fili a bayan ɗakin girki yana zaman banza, kuma ga rijiya. Shekarar farko na yi shirme son raina. Cikin watan Maris na yi dashe, rana na dukan ƙasa, tsiron ya yi fure ya zubar, ya sake yi ya zubar. Sai a taro na ji dalili: in zafi ya yi yawa furen tumatir ba ya kamawa. Lokacinsa a ƙasarmu hunturu ne, a zuba iri a bedi wajen Oktoba zuwa Nuwamba, a cire dashe bayan mako 3 zuwa 4, da yamma, bayan an jiƙa bedin sosai. Ki duba masu lambun bakin kogin Galma da Kubanni a nan Zariya, yaushe kika ga fangalinsu ya fi kyau? Da sanyi ne. Ke ba ki faɗi watan da kika shuka naki ba, ki faɗa mana.

Amma ba wannan ne ya ƙona min rai ba. Shekarar da na ce na iya, ita ce ta fi ciwo.

Gindi 64 na dasa. Na ƙirga su, don kullum da asuba bayan na idar da salla sai na zagaya su da tocila kamar mai duba jarirai. Na sa takin kaji wanda ya daɗe ya huce, na kafa wa kowanne sanda na ɗaure da tsumman atamfa. Sun kai min gwiwa, sun fara fure, ganye kore shar. Har na yi wa surukata alkawarin kwando. Sai maƙwabcinmu ya aiko yaronsa aron famfon feshi, wai kwana ɗaya. Maigida ya ce a ba shi, maƙwabtaka. Ya yi kwana 9 a wurinsa. Da ya dawo na ɗauraye shi sau ɗaya, na zuba ruwan darbejiya na fesa wa tumatirina kamar kullum.

Kwana 3 ba a yi ba, ganyen sama ya fara murɗewa. Ba irin naɗewar ƙishirwa ba, a'a, sabon toho ya dunƙule ya zama kamar zare, karan ya karkace kamar mai ciwon wuya. Na ƙara ruwa. Na ƙara taki. Na sayo maganin ƙwari na fesa, da wannan famfon dai. Ina ta ƙara musu guba da hannuna ban sani ba. Ranar da na ga furen duka ya zube na zauna a kan turmi na yi kuka, kuka na gaske, har autata ta zo tana tambaya wa ya rasu.

Asabar ɗin taro ta zo, na ce ba ni zuwa. Me na tsinta a zuwan? Wata baiwar Allah da muke zama benci ɗaya ta kira ni ta ce ko ba komai ki tugo ɗaya ki zo da shi. Na tuge shi har da saiwa na sa a leda. Ranar ma maganar dashen mangwaro ake yi, ba ruwansu da tumatir. Da aka tashi na miƙa wa wani dattijo, tsohon malamin gona da ya yi ritaya a Samaru. Ya juya shi sau biyu, ya kakkaɓe ƙasar saiwar ya ga babu ƙulli, ya duba bayan ganye ya ga babu ƙwaro, sai ya ɗago ya ce, "Hajiya, wa ya ari famfonki?" Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ya ce wannan ba cuta ba ce, maganin kashe ciyawa ne, irin wanda ake fesa wa gonar masara da shinkafa don ya kashe ciyawa mai faɗin ganye. Tumatir ba ya jure ko ƙanshinsa, kuma yana maƙalewa a tanki da tiyo, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi.

Na dawo na faɗa wa maigida, ya je ya yi wa mutumin magana cikin mutunci. Ya ce shi ruwa kawai ya fesa. Ruwa! Wa ke aron famfo kwana 9 ya fesa ruwa? Da ya ce ku yi haƙuri na manta ban faɗa ba, da shi ke nan, ƙaddara ce. Amma washegari matarsa ta leƙo ta katanga tana dariya, wai ta ji an yi min rasuwar tumatir, Allah ya ba da haƙuri, ai a kasuwar Sabon Gari ana sayarwa. Ita ce fa duk damina nake cika wa faranti da alayyahu da rama. Har yau muna gaisawa, ina zuwa sunansu da bikinsu, amma in na ga wannan yaron ya doso ƙofa da sallama gabana sai ya faɗi. Na yafe, Allah ya sani, mantawa ce ta gagara. Famfona yanzu na rubuta masa suna da fenti, kuma ko uwa ɗaya uba ɗaya muke ba na ba da shi. Ku ce na yi rowa.

To kin ga inda na dosa. Wata 8 ina zama ina rubuta abin da ban gane ba a littafi, bai amfane ni kamar minti 5 da na yi da tsiro a hannu ba. Kar ki sake zuwa hannu rabbana. Ki tugo wanda ya fi jin jiki har da saiwarsa da ƙasarsa. In ya mutu tun yana ƙarami, gindinsa ya sirance ya faɗi, yawanci ruwa ne ya yi yawa a bedi ko kin cika iri. In saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, sai ki sauya wuri, kar ki maimaita tumatir ko tattasai ko attaruhu ko yalo a nan, duk dangi ɗaya ne. In gindin ɗan tumatirin ne ke yin baƙi, ban ruwanki ne ba ya kan ƙa'ida, yau ambaliya gobe fari. Amma duk wannan da baki nake faɗa, sai an gani.

Maganar Turanci kuwa, ki ɗaga hannu ki ce malam a maimaita da Hausa. Ba a taɓa korar kowa ba. Rabin mutanen da ke gyaɗa kai su ma ba su gane ba, kunya ce. Wasu malaman ma laifinsu ne, gaskiya, su zo da lissafin kadada da buhun takin zamani na kamfa, alhali mu masu shuka a buhun siminti da tsohon bokiti ne. Ki tambaye shi, malam a buhu ɗaya murfin kwalba nawa? Dole ya sauko. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, muna zaune gari ɗaya da wannan ilimi, abin kunya ne a ce ganyen miya ya gagare mu saboda jin nauyin tambaya.

Kuma kar ki yi saurin fita in an shafa fatiha. A bakin ƙofa ake rabon iri da dashe, a nan na koyi dakan 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu a fesa da yamma. A nan wata ta nuna min yadda ake rufe bedi da tsohon gidan sauro saboda ƙadangaru da kaji. Af, kashin kaji ɗanye kar ki kuskura, ƙona saiwa yake, ki tara shi ki riƙa jiƙawa kina juyawa har warin ya mutu. Sannan don Allah ki rage buri. Wa ya ce sai tumatir? Shi ne mai shagwaɓar cikinsu. Ki zuba alayyahu, wata ɗaya kina yanka, zuciyarki ta yi sanyi tukuna. Wata 3 kuma bai isa ki yanke hukunci ba, don darasin yana bin shekara ne, abin da aka faɗa da bazara sai damina ta sauka za ki ga amfaninsa.

Asabar ɗin ƙarshen watan nan in Allah ya kai mu ina bencin baya kusa da taga, da jakar buhu mai ruwan ɗorawa. Zan zo miki da irin alayyahu da yakuwa na gidana. Ki zo da leda biyu, ɗaya ta iri, ɗaya da mara lafiyan a ciki.