Sukuru ko siminti: da wanne za a riƙe hular haƙorin dashe?

Yarona, jiya ka tambaye ni me ya sa na ɗaure hular turmin nan (wato rufin haƙorin tauna da ake ɗorawa a kan turken da aka dasa a ƙashi) da sukuru, alhali siminti, wato gam ɗin liƙa hular, ya fi sauƙi, kuma ba ya barin rami a saman haƙori. To, saurara.

Duk abin da ka sa a bakin mutum, wata rana zai dawo maka da shi. Ko tangaran ɗin hular ya gutsure, ko dasashi ya kumbura. In sukuru ne, sai ka tone ɗan cikon da ke bakin ramin, ka zaro Teflon, wato ɗan farin tef ɗin da ka toshe da shi, ka kwance, ka gyara, ka mayar. In siminti ne, sau da yawa sai ka huda hular kana lalube, ko ka yanka ta a yi sabuwa.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rarar siminti. Haƙorin da Allah ya halitta, zaruruwan dasashi sun kafu a jikinsa. Turken titaniyam kuwa, kewaye shi kawai suke yi, ba su da wannan riƙon. Kana danna hular, rarar ta sulale can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Hoton ƙashi ma ba lallai ya nuna ta ba, musamman in ta maƙale ta wajen kunci ko harshe. Ƙwayoyin cuta su samu maɓoya, dasashi ya fara jini, ƙashi ya riƙa zaizayewa shiru. Na taɓa tono guntun siminti a ƙarƙashin dasashin wata baiwar Allah, kuma aikin hannuna ne. Ban ji daɗin ranar ba.

Ba wai na haramta siminti ba ne. A haƙoran gaba, in turke ya karkata, ramin sukuru zai ɓullo ta fuskar haƙori, wa zai yarda da haka? Akwai ramin da ake karkatawa har digiri 25. In ya wuce nan, ɗauko siminti. Sai dai kada bakin hular ya nutse fiye da milimita 1 a dasashi, ka shafa kaɗan, ka fara danna ta a kan kwafin ginshiƙi, wato abin da hular ke zama a kai, a waje don rarar ta fita.

Sukuru kuma yakan saki. Kada ka ƙiyasta da hannu: ɗauko sifana mai awo, ka ɗaure daidai yadda kamfanin ya rubuta, galibi 30 zuwa 35 Ncm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri.