Dalilin da ya sa kuɗin wasanka suka tsaya a 2,147,483,647

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa kuɗin wasan wayarka suka tsaya cak a 2,147,483,647, kuma ko lambar tana da wani sirri. Tana da shi kuwa. Na daɗe ina koyar da lissafi, kuma da ita nake jawo hankalin ɗalibai idan sun fara hamma.

Jera 2 guda 31 ka ninka su, za ka sami 2,147,483,648. Cire 1, ga lambarka. Manhajoji da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32, kowane gurbi ko 0 ko 1. Guda yana nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31, kuma in duk suka zama 1, lambarka ke nan, ba sauran wuri. A wasu manhajojin, ƙara 1 kawai sai lissafin ya kife ya koma ƙasa da sifili. Haka kwamfutocin da ke ƙirga daƙiƙa ta wannan hanya tun 1 ga Janairu 1970 za su kai bango ranar 19 ga Janairu 2038.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne lambar ba ta rabuwa da kowace lamba sai 1 da ita kanta. Wato firayim ce, daga dangin firayim da ake samu in an jera 2 an ninka su an cire 1, waɗanda ake kira da sunan Marin Mersenne, malamin cocin nan Bafaranshe, kuma ita ce ta takwas a cikinsu. A nan ɗalibai suke zamewa: suna ganin tunda 31 firayim ce, dole sakamakon ma ya zama firayim. Sai in ce su gwada da 11, wato su ninka 2 guda 11 su cire 1. Su sami 2,047, su yi ta murna, sai in rubuta musu 23 × 89 a allo, aji ya yi tsit.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar cewa lambarka firayim ce a 1772, lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Na farko, ba a buƙatar wuce 46,340, domin 46,341 in ka ninka ta da kanta ta zarce lambar. Na biyu, duk firayim ɗin da za ta raba ta dole ta bar ragowar 1 ko 63 idan an raba ta da 248. Da wannan aikin ya ragu ƙwarai, har ya yiwu ba tare da na'ura ba.

In kana da lokaci, ninka lambarka da 1,073,741,824. Za ka sami 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba irin 6 da 28, wadda in ka tara duk lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, sai su dawo maka da ita daidai. Fara gwadawa da 28 a takarda: 1, 2, 4, 7, 14.