Ga mai tambayar ƙaiƙayin yara da daddare

'Yar'uwa, kin ce yaranki ba sa barci saboda susa, ƙuraje sun feso musu a tsakanin yatsu da wuyan hannu, man da aka ba ki a saidaliyya (kantin magani) kuma ya kwantar da abin na ɗan lokaci ya dawo. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi, don na san wannan masifar. Ina kyautata zaton ƙazwa ce. In kin je mustausaf (ƙaramin asibiti) ki ce wa likita kina zargin jarab ne, wato ƙazwa da Larabci, ya duba da kyau: tsakanin yatsu, hammata, cibiya, ƙugu, in akwai jariri har tafin hannu da na ƙafa.

Ni mai saidaliyyar unguwarmu a Jidda ko kallon hannun 'yata bai yi ba. Ya miƙo min man kortizon, ya karɓi riyalansa. Man nan ƙaiƙayin kawai yake dannewa, ƙwaron da ke kawo ƙazwar kuwa yana nan cikin fata yana ta ƙwai. Yarinyar nan ta yi ta susa har zanin gado ya riƙa ɓaci da jini, yatsunta suka yi ruwa suka kumbura, ko cokali ba ta iya riƙewa. Sai ga wata maƙwabciya a benenmu ta janye 'ya'yanta a gabana, tana cewa ƙazanta ce ta jawo mana. Ni da nake musu wanka safe da yamma! Har yau in na tuna zuciyata tafasa take, Allah ya isa. A 2018 da abin ya ɓarke a makarantun Makka, duk iyayen ƙazamai ne?

Abin da ya raba mu da ƙazwar man permethrin ne mai kashi 5. Daga wuya har ƙafa, har ƙarƙashin farce, ya kwana a jiki awa 8 zuwa 14, a wanke, a maimaita bayan kwana 7. Jariri kuwa ki bari likita ya faɗa miki yadda za a yi. Kuma a shafa wa kowa na gidan a dare ɗaya, har maigida ko ya rantse ba ya jin komai, don mutum kan yi sati 4 zuwa 6 yana ɗauke da ita kafin susa ta fara. Nan mata da yawa suke shan wahala, a yi wa yara a bar uban.

Zannuwa da tawul a ruwa mai zafi sosai, wanda ba ya wankuwa ki ɗaure a leda sati guda. In ƙurajen sun yi mugunya kar ki jira, ciwon na iya taɓa ƙodar yaro. Don Allah ku kuma daina sayen haɗin man nan marasa suna da ake yawo da su gida-gida, ana iya samun kortizon a ciki.

Susar kan ci gaba sati 2 zuwa 4 bayan magani, kar ki ɗauka bai yi aiki ba. Allah ya ba yaran lafiya.