Ƙawancen bayan zaɓe: abin da muka gani a Nijar tun daga 1993

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce jam'iyyar ANC mai mulkin Afirka ta Kudu ta rasa rinjaye a zaɓen 2024, ta tashi da kujeru 159 cikin 400, har ta jawo abokiyar hamayyarta DA mai kujeru 87 suka kafa gwamnati tare. Kana tambaya yaya magoya baya ke ji in jam'iyyarsu ta rungumi wadda aka gama zagi jiya, kuma ko irin wannan haɗin na ɗorewa. Mazauna can za su ba ka nasu labarin. Ni na Nijar zan ba ka, don a gabanmu aka yi, lokacin ina da shagon kayan masarufi a Damagaram.

A zaɓen 'yan majalisa na Fabrairun 1993, MNSD-Nassara, tsohuwar jam'iyyar gwamnati, ita ta zo ta ɗaya da kujeru 29 cikin 83. CDS-Rahama ta samu 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. Nan take waɗannan ukun da wasu ƙananan jam'iyyu suka ƙulla ƙawancen AFC, suka tara kujeru 50. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ma Tandja Mamadou na Nassara ne a gaba, amma da aka je zagaye na biyu a watan Maris, AFC ta tattara ƙuri'unta ga Mahamane Ousmane na Rahama ya lashe da kashi 54 cikin ɗari. Aka raba kujeru uku: Ousmane shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou na Tarayya firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye na Zaman Lahiya shugaban majalisa.

In ka ce yaya muka ji, to ya danganta da wa ka tambaya. A Damagaram gari ya ɗauki guɗa, ɗan gida ya hau mulki, ko'ina ka juya "canji" kake ji. Ni ma ina cikin masu murna. Amma maƙwabcina a kasuwa, wani dattijo mai sayar da atamfa, ɗan Nassara ne na gani-kashe-ni, kuma har ya koma ga Allah bai yarda an yi musu adalci ba. Hujjarsa ɗaya ce: mu muka fi kowa kujeru, ɗan takararmu ya fi kowa ƙuri'a a zagayen farko, ta yaya muka zama 'yan adawa? Mukan ce masa 50 ta fi 29, Baba, lissafi ne. Sai ya ce ai ba wanda ya jefa wa 50 ƙuri'a, kowa tasa jam'iyyar ya zaɓa, manya ne suka shiga ɗaki suka haɗa. Dariya muke masa, amma wannan ƙorafin nasa shi ne ainihin abin da ke cin ran mai zaɓe a duk inda aka yi haɗaka: kai ka jefa ƙuri'a a fili, sauran cinikin an yi shi ba ka nan.

Murnar ba ta yi nisa ba. Baitulmali babu kuɗi, ma'aikata na bin bashin albashi, ƙungiyar ƙwadago ta USTN na kiran yajin aiki. Ana cikin haka a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Mu 'yan kasuwa a littafin bashi muka fara ganin halin da ƙasa ke ciki, don malaman makaranta da ma'aikatan asibiti kan ɗauki shinkafa da sukari sai albashi ya fito, albashin kuwa shiru. Duk da haka, a ganina ba talaucin ne ya kashe AFC ba. Abin da ya haɗa su tun farko shi ne kada Nassara ta dawo. Ranar da aka rantsar da Ousmane wannan burin ya cika, ba kuma wani da aka tanada a bayansa. An raba kujeru, amma ba a yi magana ta ƙare a kan wa ke da ikon me ba. Tsarin mulkin 1992 ya ba shugaban ƙasa iko, ya ba firaminista iko, ya bar iyakar da ke tsakaninsu a dagule. Wa zai naɗa darektocin kamfanonin gwamnati? Wa ke da ta cewa ta ƙarshe a majalisar ministoci? Kowace jam'iyya kuma tana da jerin 'ya'yanta masu jiran muƙami.

A Satumban 1994 Ousmane ya sa hannu a wata doka da ta rage ikon firaminista. Issoufou ya ajiye aiki, Tarayya ta fice daga AFC, ta koma wajen Nassara, wato wadda aka yi ƙawancen don a kayar.

Wannan ranar ce ta fi kusa da tambayarka. Akwai wani malamin makaranta da ke zama a fadarmu ta shayi, ɗan Tarayya, wanda ba abin da bai faɗa wa Nassara ba lokacin yaƙin neman zaɓe, har ya yi baram-baram da ƙanen mahaifinsa a kan haka. Da labarin ya fito a rediyo, kwanaki ya yi bai leƙo fada ba. Da ya dawo sai ya zo da bayani, wai siyasa ba ta da maƙiyi na dindindin. Muka ce to ƙanen babanka fa? Ya yi shiru. Shugabanni sun zauna sun shirya cikin 'yan kwanaki, shi kuwa sai da aka kai ga wata sallah kafin dangi su sasanta su. Mu 'yan Rahama kuma muka ɗauki abin cin amana, muka daina gaisawa da mutanen da bara muke rawa tare a fili ɗaya.

Sauran ya zo da sauri. Majalisa ta tsige sabon firaminista Souley Abdoulaye, Ousmane ya rushe majalisar, aka koma zaɓe a Janairun 1995, Nassara da Tarayya da abokansu suka samu kujeru 43. Ousmane ya so kaucewa ta hanyar naɗa Amadou Cissé, majalisa ta tsige shi, dole ya karɓi Hama Amadou, zaɓin Nassara, a matsayin firaminista. Daga nan aka shiga zaman doya da manja, har ta kai shugaban ƙasa na ƙin kiran taron ministoci, firaminista na sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓe mulki a juyin mulkin soja. Abin da har yau ke ba ni takaici, mutane da yawa ba su yi baƙin ciki ba, sun gaji.

Kada ka ɗauka daga nan cewa haɗaka ba ta ɗorewa. A 1999 Ousmane ɗin nan ya mara wa Tandja ɗin nan baya. Nassara mai kujeru 38 da Rahama mai 17 suka haɗu, Tandja shugaban ƙasa, Ousmane shugaban majalisa, kuma suka zauna tare kusan shekara goma, sai rikicin tazarce na 2009 ya raba su. Mun sha tsiya a kasuwa a lokacin, wai ga 'yan canji sun koma gidan da suka ce sun rushe. Amma ya ɗore, kuma ina ganin dalili a bayyane yake: babba ya san shi babba ne, ƙarami ya san girman rabonsa, kuma dukansu sun ɗanɗana abin da rigima ta jawo musu a 1996. Na Issoufou da Hama na 2011 kuwa bai wuce 2013 ba, nan ma a kan rabon kujerun sabuwar gwamnati aka watse.

Shi ya sa in ina sauraron labarin Afirka ta Kudu ba na kula da wanda ya yi murna ko wanda ya yi fushi ranar da aka sake zaɓen Ramaphosa na ANC shugaban ƙasa. Ina jira in ga ranar da kuɗi ko naɗi ya shiga tsakani. Ranar ta zo a 2025 a kan kasafin kuɗi: ANC na son ƙara harajin VAT, DA ta ƙi, ta jefa ƙuri'ar ƙin amincewa a majalisa, ta kuma garzaya kotu alhali shugabanta na lokacin John Steenhuisen na riƙe da ma'aikatar noma. Aka janye ƙarin harajin, DA ba ta fice ba. Abin da ya riƙe su ya yi kama da namu na 1993, don tsoron jam'iyyun MK ta Jacob Zuma da EFF ta Julius Malema na cikin abin da ya haɗa su. Bambancin shi ne su da rigimar ta taso alƙalai aka kai wa, ba a jira soja ba.